Sakan 30 a bakin tekun Elmina: yadda hoton dare yake tara haske

Tun da na dawo daga Gana tambaya ɗaya ake ta yi min a kan hoton nan da na ɗauka a Elmina, wanda teku ya fito fari sumul kamar an kwarara kindirmo a tsakanin duwatsu, sama kuma shuɗiya ga taurari jefi-jefi a ciki. Wasu sun ce ai kwamfuta ce ta haɗa, wani abokina ma cewa ya yi da rana na ɗauka sai na zo na liƙa taurarin. Wallahi ba ko ɗaya. Wajen ƙarfe 10 na dare ne, ranar 14 ga wata, kyamara na tsaye kan ƙafafunta uku, na danna na janye hannuna, ta yi sakan 30 a buɗe sannan ta rufe. Duk abin da kuka gani a hoton cikin sakan talatin ɗin nan ya faru, kuma shi nake so in warware muku, don abin ba sihiri ba ne, lissafi ne na haske da lokaci, sai kuma sanin halin teku wanda mu da muka taso a Arewa ba mu da shi sam.

Bari in fara da kyamarar kanta. A cikinta akwai wani ɗan faranti da ake kira sensa, shi ne madadin fim ɗin da, a gabansa akwai labule da ake kira shota, in ka danna sai labulen ya buɗe haske ya shiga ya sake rufewa. Da rana tsaka labulen nan ba ya kai ƙiftawar ido, kashi ɗaya cikin 500 na sakan ma ya isa saboda haske ya yi yawa. Da daddare kuwa hasken yayyafi ne, kuma da yayyafi kogi kan cika, sai dai ka ba shi lokaci. Idonmu ba ya iya wannan, abin da ya gani yanzu ya gani ya wuce, ba ya ajiyewa ya ƙara na gaba a kai. Ita kyamara tana tarawa, na sakan ɗin farko yana nan, na biyu ya hau kai, har na talatin. Shi ya sa take nuna maka abin da kana tsaye a wurin amma ba ka gan shi ba.

Abu uku ne ke hannunka. Akwai tsawon lokacin da shota za ta yi a buɗe, akwai faɗin ƙofar da ke cikin lens, wato gilashin gaban kyamara, wadda ake rubuta ta da f, f/2.8 ƙofa ce wangame f/16 kuma 'yar tsigil, lambar na girma ƙofar na tsukewa, sannan akwai ISO wanda shi kamar ƙara murya ne a rediyo, tashar da ba ta kamawa sosai in ka murɗa za ka ji maganar amma shuuu ɗin ma zai ƙaru, a hoto shi ne wannan tsaki-tsakin mai kama da yashi. Kuma duk ukun da ninki suke tafiya. Sakan 15 zuwa 30 haske ya ninka, ISO 400 zuwa 800 ya ninka, f/5.6 zuwa f/4 ya ninka. Don haka in ka ƙara a nan za ka iya ragewa a can hoton ya fito da haske iri ɗaya. To amma fa haske iri ɗaya ba ya nufin hoto iri ɗaya, kuma a nan ne maganar take.

Duk wanda ya yi wasan dare a ƙauye ya san yadda yara ke zaro kara daga murhu su riƙa wulwula shi, sai ka ga zoben wuta a iska alhali ɗigon garwashi ɗaya ne. Haka shota mai daɗewa ke yi wa duk abin da ke motsi. Dutse bai motsa ba, haskensa a wuri ɗaya yake sauka a kan sensa daga farko har ƙarshe, sai ya fito tsaf har da tsagarsa. Kumfar igiyar ruwa kuwa yanzu tana nan anjima tana can, farinta ya shafi ko'ina kaɗan-kaɗan, sai a samu wannan abu mai kama da hazo. Mutum in ya ratsa ta gaban kyamara da baƙaƙen kaya bai tsaya ba, ba zai fito ba kwata-kwata, don sakan biyun da ya yi a wurin bai kai ya rinjayi sauran 28 ɗin ba, amma in da tocila a hannunsa za ka ga farin zare ya ratsa hoton, babu mai riƙe da shi. Kenan lokacin da ka zaɓa shi ke yanke hukuncin abin da zai tsaya a hoto da abin da zai ɓace.

Daren farko na ɓata shi wajen gane wannan. Na zauna a kan dutse ina ƙirga igiyoyi da agogon waya, tsakanin wata babba da wata wajen sakan 10 zuwa 12 nake samu, don igiyoyin wannan gaɓar daga nesa suke tasowa, can kudancin Atlantika, su iso a jere da ƙarfinsu ko da babu iska a inda kake tsaye. Da na gane haka sai lissafin ya fito min. In na buɗe rabin sakan ko sakan ɗaya, ɓangaren igiya ɗaya kawai na kama, kuma in na dace da lokacin da ruwan ke komawa, ba lokacin da yake zuwa ba, sai kumfar ta ja layi-layi a kan yashi kamar an taje gashi, duk layin na jan ido zuwa cikin teku. In na buɗe sakan 30 na haɗa igiya biyu ko uku, ruwan ya lafa ya zama fari. In na kai minti biyu ya zama kamar gilashi mai hayaƙi, babu alamar igiya ko ɗaya. Wanda ban so ba shi ne na tsakiya, sakan 4 zuwa 8, ruwan bai tsaya ba kuma bai narke ba, sai ya fito a dame kamar kunun da bai dahu ba. Ni dai a ganina mutane sun cika son na hayaƙin nan, har ya zama duk hoton teku iri ɗaya ne, alhali na rabin sakan ya fi nuna ƙarfin ruwan, kana kallo kana jin jansa a ƙafarka.

Sai maganar lokaci. Da yawa suna zaton sai dare ya tsala ake wannan hoto, a'a, mafi kyawunsa ma tsakanin magariba da isha ne, lokacin da rana ta faɗi amma shafaƙi bai ɓace ba, sama ta yi shuɗi mai duhu, fitilun gari sun kunnu, hasken sama da na fitila suka zo daidai ba wanda ya danne wani. Matsalar ita ce Elmina tana wajen digiri 5 ne kawai arewa da tsakiyar duniya, rana a miƙe take nitsewa ba a karkace ba kamar Turai, don haka wannan shuɗin da masu hoto na Ingila ko Norwe ke samun lokaci mai tsawo suna wasa da shi, a nan minti 15 zuwa 20 ne ya tafi, cikin awa ɗaya da 'yan mintoci duhu ya rufe gaba ɗaya. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara. Abin da na koma yi shi ne tun la'asar sakaliya in je in zaɓi wuri, in gwada tsayuwa, in saita komai, ana kiran magariba in yi salla a kusa in dawo da sauri, don a wannan ɗan tsakanin kowane minti biyu ko uku sai ka ƙara lokacin shota, wanda ka fara da sakan 2 kafin ka ankara yana neman 30. Irin wannan shuɗin yana sake dawowa bayan asuba kafin fitowar rana, kuma gaskiya na asuba ya fi min, iska ta kwanta, mutane ba su cika ba.

Wani abu da ban sani ba sai da na je, gaɓar Gana kudu take kallo. In ka fuskanci teku rana ba a gabanka za ta faɗa ruwa ba kamar yadda ake gani a hotunan Dakar, ta hannun damanka take sauka, ta fito ta hagu. Wannan ba aibi ba ne, hasken gefe ya fi fito da jikin dutse da bango, amma wanda ya je da niyyar jan ƙwallon rana a kan ruwa zai sha mamaki.

Yanzu wata. Mu da ke bin lissafin watan Musulunci muna da sauƙi a nan, abin da wasu ke buɗe manhaja su duba mu a kanmu yake. Ranar 14 da 15 wata na fitowa daga gabas daidai faɗuwar rana ya kwana a sama, daga nan kullum yana jinkiri da wajen minti 50, a farkon wata kuma jinjiri ne da ke faɗuwa da wuri ya bar maka duhu. Hasken wata hasken rana ne da ya daki wata ya dawo, sai dai ya fi na rana rauni sau wajen 400,000, kuma tunda asalinsa na rana ne, yadda iska ke warwatsa shi sama ta yi shuɗi da rana haka take yi da dare, idonmu ne kawai ba ya ganin launi a cikin ƙaramin haske. Kyamara da ta tara sakan 30 tana gani. Amsar abokina kenan da ya ce da rana na ɗauka. A daren farin wata f/4, ISO 400, sakan 30 wuri ne mai kyau na farawa, daga nan ka duba ka gyara. Shawarata kar ka bari hoton ya yi haske har ya koma kamar azahar, rage kaɗan dare ya ci gaba da zama dare.

Kuma watan nan dai shi ke jan teku. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya ja baya, tsakanin cika da cika wajen awa 12 da minti 25, shi ya sa lokacin ke matsawa kullum kamar yadda fitowar wata ke matsawa. A tsayuwar wata da kuma tsakiyarsa, lokacin da rana da wata suka yi layi ɗaya da duniya, cikar ta fi yawa janyewar ma ta fi nisa. A Gana bambancin bai da yawa, mita ɗaya da wani abu ne, ba kamar wani lungun teku a Kanada da ake kira Fundy ba inda yake kai mita 15, amma mita ɗaya a kan shimfiɗaɗɗen dutse ya isa ya raba ka da hanyar komawa. Ka lura da haɗin, daren da wata ya fi ba ka haske shi ne daren da ruwa ya fi hawa.

Wannan wani dattijo ne ya fara ankarar da ni, a zangon da na sauka, don garuruwan nan akwai zango kuma Hausa na ci sosai, da safe ga koko da ƙosai ga wake da shinkafar da su suke kira wace, sunan ma daga waken namu ya samo asali. Ya gan ni da kaya zan fita bayan isha ya ce, "Ɗana, ina zuwa da daren nan?" Na ce, "Baba, bakin ruwa zan je ɗaukar hoto." Ya yi shiru kaɗan sannan ya ce, "Kai ɗan tudu ne, ka ji abin da zan faɗa maka. Duk inda ka ga yashi ko dutse a jiƙe, to ruwa ya je wurin, kuma zai koma. Ka tsaya bayan jiƙon." Ya haɗa ni da wani saurayi jikansa ya raka ni. A daren na ga gaskiyar maganar, na kafa ƙafafun kyamara a wurin da igiya tara ko goma suka zo ba su kai ba, ina tsakiyar ɗauka sai ga wata da ta fi su duka ta zo har gwiwata, da za ta koma ta kwashe yashin ƙarƙashin ƙafa ɗaya, kyamarar ta karkata, yaron ne ya cafke ta. Igiyoyi rukuni-rukuni suke zuwa, ƙanana a jere sai manya, kuma gaɓar nan tana da ruwa mai ja zuwa ciki wanda ko gwanin iyo yana jin tsoronsa. Wanda iyakar saninsa da ruwa Tiga ne ko kogin Kaduna, don Allah kar ya je shi kaɗai, kuma duk wurin da za ka tsaya da dare ka fara zuwa ka gan shi da rana.

Wannan ya kawo mu kan abin da ya fi lalata hoton dare, wato girgiza. Sakan 30 ko numfashinka ya isa ya ɓata shi, don haka mai ƙafa ukun nan dole ne, in a yashi ne ka danna ƙafafun su nitse sosai har su daina shiga, in da dutse busasshe ya fi. Kar ka zaro sandar tsakiya sama, iska na kaɗa ta. Igiyar rataya kyamara ka naɗe ta, in tana lilo tana bugun ƙafa za ka gani a hoto. Ka sa jinkirin sakan 2 don hannunka ya bar jikinta kafin ta buɗe, ka kashe abin hana rawar hannu na lens tunda ba a hannu take ba. Saitin da kyamara ke daidaita gani da kanta kuma ba ya aiki a duhu, lens ɗin zai ta kai da komo yana nema, mayar da shi na hannu, nemi fitila mai nisa ko tauraro mai haske irin Zara, ƙara girmansa a allo, murɗa a hankali har ya zama ɗigo mafi ƙanƙanta, ka bar shi a nan kar ka sake taɓawa. Yawancin kyamarori a sakan 30 suke tsayawa, in kana son fiye sai ka koma kan B, inda shota ke zama a buɗe har sai ka rufe da kanka, nan kana buƙatar rimot. Akwai kuma wani saiti na rage tsaki-tsaki wanda in ka ɗauki minti biyu sai kyamara ta sake yin minti biyu a rufe tana auna zafin sensa ta cire, yana da amfani a ƙasa mai zafi irin tamu, amma a ɗan lokacin shuɗin magariba kashe shi nake yi don yana cinye rabin lokacina.

Mai waya ma ba a bar shi a baya ba. Yanayin dare na wayoyin yanzu ba buɗewa ɗaya doguwa yake yi ba, hotuna gajeru da yawa yake ɗauka ya haɗa, shi ya sa wani lokaci ruwan ke fitowa wani iri. Wayoyin Android da yawa suna da Pro inda za ka sa lokacin da kanka har sakan 30, iPhone kuma in ta ji an kafe ta ba motsi tana ba da har 30 a yanayin dare. Ka jingina ta da dutse ko jaka, ka sa ISO ƙasa, za ka sha mamaki. Wanda kuma ke son ruwan hayaƙi tun rana ba ta faɗi ba sai ya sayi baƙar filta da ake ɗaurawa a bakin lens, mai mataki 10 tana rage haske sau 1024, hoton da zai ci kashi ɗaya cikin 30 na sakan sai ya koma wajen sakan 34.

Gishiri kuwa shi ne abokin gabar matafiyi. Ba sai ruwa ya taɓa ka ba, iskar kanta ɗauke take da feshi, bayan minti goma in ka haska lens da tocila za ka ga ya yi dusu-dusu, fitilun hoton duk su yi gemu. Ka riƙe ƙyalle mai laushi fiye da ɗaya, ka riƙa gogewa tsakanin ɗauka da ɗauka, in ba ka ɗauka ka rufe. In daga ɗaki mai AC ka fito, kyamarar ta yi sanyi, tana haɗuwa da danshin waje za ta yi gumi ciki da waje, minti 20 ba ka ga komai ba, don haka ka fitar da jakar waje tun da wuri ta saba. Kana komawa masauki ka wanke ƙafafun nan da ruwan daɗi, ni da fiya wata leda uku nake yi, in ka bari kwana biyu makullan sun cije da tsatsa da yashi. Batir ma doguwar buɗewa na shan sa, ka tafi da biyu a cike.

Taurari nasu lissafin daban. Duniya na juyawa digiri 15 a kowace awa, don haka su ma masu motsi ne a wurin kyamara. Masu hoto na da wani ƙiyasi, ka raba 500 da tsawon lens ɗinka, mai milimita 24 ya ba ka wajen sakan 20 kafin tauraro ya fara zama ɗan layi, in ƙaramar sensa ce da kai sai ka rage, kuma a kusa da tsakiyar duniya taurarin da ke saman kanka su ne mafi saurin gudu, gara ka tsaya a 15. Wannan hoton da ake yayi na taurari sun yi zobe-zobe, tauraron arewa ake sa wa a tsakiya, shi kuma tsayinsa a sama daidai yake da digirin wurin da kake, a Kano wajen 12, a Elmina 5 kacal, can ƙasa-ƙasa ta bayanka cikin hayaƙin gari. In ka fuskanci teku abin da za ka samu baka ne, layukan sun lanƙwasa kamar an kife ƙwarya a kan ruwa, ta gabas ko yamma kuma kusan a miƙe suke tashi. Kuma kar ka ce za ka je da hunturu don babu ruwan sama, hazon nan namu yana kaiwa har bakin teku a Disamba da Janairu, ya shanye ƙananan taurari, duk da yana sa fitilu su yi laushi mai kyau. Sama mafi tsafta ita ce ta daren da aka yi ruwa aka ɗauke.

Na bar maganar wurin kansa zuwa yanzu don ita ta fi tsaya min a rai. Farin ginin da ke cikin hoton ba gidan sarki ba ne kamar yadda wata ta tambaya. Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, da farko don cinikin zinariya, daga baya ya zama wurin tara bayi kafin a loda su a jirgi zuwa Amurka. Turawan Holan suka ƙwace shi a 1637, daga kan tudun da ke fuskantarsa suka yi ta ruwan igwa, tudun da daga baya suka gina sansanin St. Jago a kai, wanda yau shi ne wurin da ya fi kyau ka tsaya ka ɗauki ginin da tafkin Benya cike da kwale-kwale. Ingila ta karɓa a 1872, a 1873 ta ragargaza tsohon garin da ke jikinsa, filin da za ka gani fayau a gefe nan ne garin yake a da, kuma a waɗannan shekarun ne suka kawo sojojin Hausawa daga Legas, don haka tarihin wurin bai bar mu a gefe ba. A nan aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979 tare da na Cape Coast da ke 'yan kilomitoci gabas da shi.

Da rana na shiga, na tsaya a ɗakin da ake tara mata, babu taga sai ɗan rami, na ga 'yar siririyar ƙofar da in an fita ta nan ba a dawowa, mutum ɗaya ma sai ya karkata. Da dare kuma na ɗauki wannan gini ya fito fari tas a farin wata, ruwa ya kwanta a gindinsa kamar auduga, har mutane na rubuto min cewa kai wurin nan ya haɗu, nan za su je hutun amarci. Wallahi abin ya dame ni. Doguwar buɗewa tana lallashin komai, ta kwantar da tekun da ya ci mutane, ta share duk wanda ke motsi ta bar bango. Masuntan da suke ta kai da komo a gabana a daren, masu gyaran taru, matan da ke jiran kifi da kwanukansu, babu ko ɗaya a hoton, kwale-kwalen da ke kan ruwa sun zama inuwa saboda lilo, sai waɗanda aka jawo kan yashi ne suka fito da tutocinsu da rubutun jikinsu. Ban ce kar a ɗauka ba, ni ma na ɗauka kuma ina son hoton, amma duk inda na sa shi yanzu sai na rubuta mene ne ginin a ƙasa.

Ranar Talata masuntan Elmina ba sa fita teku, al'adarsu ce tun da, don haka daren Litinin da yinin Talata tafkin a cunkushe yake da jirage, masu neman hoton da babu hayaniya ranar suke so. Ni sai na zaɓi asubar Alhamis. Na je bakin gada bayan salla, na gaishe da mutanen da ke wurin, jikan Baba ya yi min tafinta da yarensu na Fante na nemi izini, don ba daidai ba ne ka kafa wa mutum kyamara yana neman abincinsa ba ka tambaye shi ba, wasu suka ce a'a na kauce musu, wasu suka yi dariya suka ce in ɗauka. Na ɗaga ISO zuwa 1600, na buɗe ƙofar lens, na dawo da lokacin rabin sakan. Wasu mutum shida na jan igiyar kwale-kwale suna waƙa, a rabin sakan ƙafafunsu da suka dasa a ƙasa sun fito sarai, kafaɗu da hannuwa sun ɗan ja kamar hayaƙi ta inda suke fizga, ginin na can baya ƙarami cikin shuɗin asuba. Hoton yana da tsaki-tsaki, gefe ɗaya ma feshin gishiri ya ɗan dusashe shi. Shi na wanke babba na aika wa Baba ta hannun wani direba da ke zuwa Akra.